Idan Mota Ta Fara Tsuwa: Abin da Ya Kamata Uwa Ta Lura da Shi

Kwanakin baya mun taso daga Funtua za mu je suna Malumfashi, ni da maigida da yara uku a baya. Mun wuce Bakori kenan sai na ji wata siririyar ƙara, ƙiii, duk sanda ya rage gudu. Na yi magana, ya ce ƙura ce. Washegari na matsa muka je gareji. Da bakanike ya kwance tayar gaba sai ya ce, "Hajiya, kin kyauta. Takalmin birkin nan saura ƙiris ƙarfe ya fara cin ƙarfe."

A asibiti, kafin mu taɓa mara lafiya sai mun tambaye shi: yaushe ciwon ke tashi, a ina, me ke ƙara shi? Haka za ki yi wa mota, ko da ba ke ke tuƙi ba.

Idan sai an taka birki ƙarar ke fitowa, a duba takalmin birki. Da yawansu suna da ɗan ƙarfe da aka sa musamman don ya yi tsuwa idan sun cinye. Kaurinsu ya sauko kusan milimita 3, a canza. Tsuwar safiya bayan ruwan sama kuwa, wadda ke ɓacewa an taka birki sau biyu ko uku, yawanci tsatsa ce kawai.

Idan daga gaban mota take, lokacin tayar da inji, ko kunna AC, ko murɗa sitiyari har ƙarshe, fambel ne ya saki ko ya tsufa. Shi ke juya abin da ke cajin batir, a motoci da yawa har da famfon ruwan inji. Ya tsinke a hanya, inji zai iya ɗaukar zafi.

Idan sai an faɗa rami ko gargada, a duba robobin ƙafa da shokozoba. Motocinmu na shan lodin buhunan masara da kaka, ga laka da damina, ga ƙurar hunturu. Robobin nan ba sa daɗewa.

Idan kuma gurnani ne da ke ƙaruwa da gudu, ana zargin boris ɗin taya.

Abu uku ba a jira da su: ƙarar gogar ƙarfe, birki ya yi laushi, ko mota na ja gefe ɗaya in an taka. A samu gari mafi kusa a tsaya, musamman in yamma ta yi.

’Yar’uwa, wayar da ke hannunki ma za ta yi aiki. In kina gefen direba, ɗauki ƙarar ki kunna wa bakanike, don sau da yawa da an isa gareji sai motar ta yi tsit, kamar yaron da zazzaɓinsa ke sauka a ƙofar likita. A motar haya ma kada kunya ta hana ki cewa, "Malam direba, don Allah a duba birkin nan." Ke da ’ya’yanki ne a ciki.

Allah ya tsare mana hanya.