Yadda haske ke raya baƙar fata a zanen kwamfuta irin na Japan

Salon zanen Japan da ake kira anime ya shahara da manyan idanu, ɗan ƙaramin hanci da inuwa mai kaifin baki. Idan aka gina irin wannan fuska a kwamfuta, aka ba ta tsawo da faɗi da kauri, fata ce ke fara ba da wahala: ko ta fito kamar roba, ko ta yi furu-furu kamar an baɗa mata toka. Ga mai zane a Kafanchan ko Zonkwa, wanda galibin mutanen da zai zana baƙaƙe ne, matsalar ta fi tsanani, kuma tana da dalili.

Idan haske ya sauka a fata, kashi biyu yake rabuwa. Wani yana dawowa daga samanta a matsayin ƙyalli, wani kuma yana shiga ciki ya watsu kafin ya fito. Shi ya sa yatsu ke yin ja idan aka haska su da tocila ta baya. A shekarar 2001 Henrik Wann Jensen da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka wallafa hanyar lissafa wannan watsuwa a kwamfuta, aikin da ya samar musu lambar yabon fasaha ta masu ba da kyautar Oscar a 2004.

Sai dai a 2020 Farfesa Theodore Kim na Jami'ar Yale, wanda ya taɓa aiki a kamfanin Pixar, ya nuna a mujallar Scientific American cewa a kan farar fata aka gina waɗannan dabaru. A baƙar fata, sinadarin melanin yana shanye yawancin hasken da ya shiga, saboda haka ƙyallin sama ne ke fito da siffar fuska. A wannan shekarar ce Pixar ya fitar da fim ɗin Soul, bayan ya nemi shawarar mai ɗaukar hoto Bradford Young kan haska baƙaƙen fuskoki.

Kudancin Kaduna na da tsohon darasi a kan haka. A 1928 masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba, sannan a farkon shekarun 1940 wani kai da aka samu a yankin Jema'a ya kai ga hannun Bernard Fagg. Maginan Nok, fiye da shekaru 2,000 da suka wuce, ba su kwaikwayi fuska dalla-dalla ba. Sun yi idanu masu kusurwa uku, suka huda ƙwayar ido da hanci, kuma ramukan kan tara inuwar da ke sa fuskar ta zama kamar tana kallo. Sun kuma shafa ruwan yumɓu a sama suka goge shi har ya yi sumul, ko da yake zaman ƙasa ya cinye wannan shafi a yawancinsu. Siffa mai sauƙi da fata mai karɓar haske: abin da mai zanen anime ke nema ke nan.

A manhajar Blender, wadda kyauta ce, aikin yana farawa da launi. Ba a samun baƙar fata ta hanyar duhunta fara. Ana ɗora ta ne a kan ruwan ƙasa mai ɗan ja, a bar tafin hannu da haske. Daga nan a rage nisan da haske ke watsuwa cikin fata, a mai da hankali kan ƙyalli a goshi, karan hanci da kumatu, inda maiƙo ya fi yawa.

Game da fitila, ƙara mata ƙarfi kawai yana jawo furu-furun nan. Abin da ya fi shi ne haske mai faɗi da taushi daga gefe, da wani siriri daga baya wanda zai raba mutum da abin da ke bayansa. Wuri ma yana da tasiri. Mai zana bikin Afan na Kagoro, wanda ake yi ranar 1 ga Janairu, zai lura cewa hazon hunturu yana tausasa rana, jar ƙasa kuma tana mayar da haske mai ɗumi ƙarƙashin haɓa.

Saura inuwa. Kamfanin Arc System Works na Japan, a wasansa Guilty Gear Xrd na 2014, ya gyara yadda fuskoki ke karɓar haske da hannu, ya kuma ba kowane ɗan wasa hasken kansa, domin inuwar ta zauna tsaf. A baƙar fata, inuwar ta fi kyau idan ta karkata ga ja mai duhu maimakon baƙi ƙirin.

Fitowar Iwájú a Disney+ a 2024 da Iyanu a Cartoon Network a 2025 ta nuna cewa akwai kasuwa ga labaran Nijeriya a zane mai motsi. Mai zanen da ya ƙware a haska fatar maƙwabcinsa yana da abin da zai kai wannan kasuwa.