Ladan Wankin Mota da Ladubban Cinikinsa

Daga cikin sana'o'in da suka yaɗu a biranenmu tun da motoci suka yawaita, har ya zamana da wuya mutum ya bi babban titi a Kano ko Kaduna ko Sakkwato bai ga rumfa da tankin ruwa da samari riƙe da tsumma ba, akwai sana'ar wankin mota, wadda a da ake ɗauka aikin yaron gida ne da bokiti guda, amma a yau ta zama abin da magidanta suke ciyar da iyali da shi. Kamar yadda kowace sana'a takan yi rassa idan ta girma, ita ma ta kasu gida biyu. Akwai wanki na yau da kullum, wato a watsa ruwa, a sa sabulu, a ɗauraye, a goge, cikin rabin sa'a mai mota ya kama gabansa. Akwai kuma tsabtacewa ta ƙwaƙƙwafi, wadda a cikinta ake kwance kujeru, a ɗaga shimfiɗar ƙasa, a zuƙe ƙurar da ta maƙale a kowane lungu da saƙo, a wanke rufi ta ciki, a bi fenti da injin gugu har ƙyallinsa ya dawo, aikin da yakan cinye yini guda cur, wani lokaci ma sai motar ta kwana. Mafi yawan husumar da ake yi a bakin waɗannan rumfuna tana tasowa ne domin mai mota ya ƙudurta ladan na farko a ransa, ma'aikaci kuwa ya yi wahalar na biyu, kuma babu wanda ya ambaci kuɗi a cikinsu sai da aiki ya ƙare.

Dalilin wannan shiru kuwa ba ɓoyayye ba ne, kunya ce, wadda take ado a cikin gida amma takan jawo hasara a kasuwa. Mai mota zai sauko ya miƙa makulli, ya ce, "Malam, nawa za a ba ka?" Shi kuma saurayin, saboda ganin girman mutumin da kwaɗayin abin da zai iya fitowa daga aljihunsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Alhaji, ai ba za mu ɓata ba, kome ka bayar daidai ne." Alhaji ya tafi hidimarsa yana lissafin abin da ya biya bara, yaro ya shiga aiki yana lissafin abin da ya ji an ba wani jiya, sa'an nan da la'asar sakaliya, lokacin da aka ƙirgo kuɗi aka miƙa, sai ka ga fuskar da ta yi fara'a da safe ta murtuke, ka ji ana cewa "a dai ƙara, ranka ya daɗe, ba ka ga yadda muka same ta ba." Ashe dai an ɓata ɗin.

Malaman fiƙihu sun daɗe da toshe wannan ƙofa. A littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ɗalibai suke saukewa a zaurukan malamai a ƙasar nan tun kaka da kakanni, hukuncin ijara, wato ɗaukar aiki a kan lada, yana cikin babin ciniki, kuma daga sharuɗɗan ingancinta akwai ambata lada da iyakance aikin ko lokacinsa, domin jahiltar ɗayansu garari ne, shi kuwa garari shari'a ta hana shi saboda yana haifar da jayayya da cin dukiyar mutane ba da yardarsu ba. Gaskiya ne idan al'ada ta riga ta tsayar da farashin abu, kamar yadda kowa ya san kuɗin aski a unguwarsu, ana iya dogara da ita a maimakon furuci. Amma tsabtace mota ta ƙwaƙƙwafi ba ta da al'ada tsayayya, tun da yake babu motoci biyu da suke zuwa da datti iri ɗaya, don haka babu makawa sai an faɗa da baki.

To, kafin ma'aikaci ya iya faɗin farashi da ƙarfin zuciya, wajibi ne ya san abin da aikin yake ci masa, abin mamaki kuwa da yawa daga cikin masu wannan sana'a ba su taɓa zama da alƙalami sun lissafa ba, iyakarsu su leƙa abin da maƙwabci yake karɓa su bi sahu. Na farko shi ne ruwa, wanda a garuruwanmu ba kyauta ba ne: ko dai a saye shi jarka-jarka a hannun 'yan garuwa, ko a kira tanka, ko a haƙa rijiyar burtsatse, ita kuma ba ta ba da ɗigo sai an ja shi da wuta. Ita wutar, inda ba a samun ta lantarki yadda ya kamata, janareta ke nan, janareta kuwa fetur yake sha, kuma kowa ya san abin da ya auku tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023, sa'ad da shugaban ƙasa Bola Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin man fetur: litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta tashi zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da dama. A cikin wannan tsakani dalar Amurka, wadda farashinta na hukuma yake wajen naira 460 a watan Mayu na 2023, ta wuce 1,500, ga shi kuwa sabulun mota na musamman, da man gugar fenti, da maganin kujerun fata, da tsumman nan masu laushi waɗanda ba sa karce jikin mota, galibinsu daga ƙetare ake shigo da su. Wanda duk yake karɓar ladan da ya saba karɓa a farkon 2023 da sunan gudun ɓata wa abokan ciniki rai, jarinsa yake ci yana tsammanin riba ce.

Akwai kuma kashe-kashen da ido ba ya gani a kullum, su ne suka fi halaka mai sana'a. Injin feshin ruwa da injin zuƙar ƙura da injin gugu duk suna da ajali, kuma kowace mota da aka wanke tana rage musu kwana. A ƙaddara, alal misali, mutum ya sayi inji naira 300,000, ya kuma yi kirdadon zai yi masa mota 600 kafin ya mutu. Ke nan kowace mota tana da naira 500 a wuyanta, waɗanda in bai ware su ba ranar da injin ya tsaya sai ya shiga neman rance. Haka kuɗin hayar fili, da harajin ƙaramar hukuma, da kason yaran da suke aiki, da abincin ranarsu. Bayan duk wannan sai ladan shi kansa maigidan, wanda shi ne ake yawan mantawa, sai ka ce lokacinsa ba dukiya ba ne. Ni a ganina mafi dacewar ma'auni a nan shi ne sa'a: mutum ya haɗa abin da rumfarsa take ci a wata, ya ɗora abin da zai ishe shi rufin asiri, ya raba da yawan sa'o'in da ake yin aiki na haƙiƙa, ban da waɗanda ake zaune ana jiran mota, sa'an nan ya san cewa aikin sa'a shida ba zai yiwu a sayar da shi a kuɗin sa'a ɗaya ba, ko da wane ne ya roƙa.

Daga nan ne za a gane abin da ya sa tambayar "nawa ne?" ba ta da amsa guda, da kuma abin da ya sa ma'aikacin kirki yake cewa a kawo motar ya gani. Girman mota yana da nasa hukunci, domin Corolla ba Sienna ba ce, mai layin kujeru uku, ita kuma ba Hilux ba ce da ta dawo daga gona da laka har ƙarƙashinta. Amma halin da motar take ciki ya fi girmanta nauyi a ma'auni. Motar ma'aikacin ofis da yake shigarta shi kaɗai dabam take da motar da ake kai yara makaranta, wadda madara ta zube a kujerarta ta bushe, alewa ta narke a ƙarƙashin shimfiɗa, manja ya malale a but tun cefanen Sallah. Kujerar fata gogewa ake yi a shafa mata mai, ta yadi kuwa sai an jiƙa ta an tsotse ruwan an bar ta ta bushe sarai, in ba haka ba kwana biyu motar ta ɗauki warin rima, mai ita ya dawo da faɗa. Fenti ma haka: shafin nan na sama mai ƙyalli bai kai kaurin takardar rubutu ba, kuma duk gugar da aka yi da inji tana cin wani abu daga gare shi, don haka motar da aka shekara ana sharewa da busasshen tsumma a lokacin hunturu, har ƙura ta yi mata zane-zanen da suke bayyana a rana, musamman idan baƙa ce, tana bukatar hannun gwani da haƙuri, ba na yaron da ya fara jiya ba. Gani ya kori ji.

Amma kada wannan ya zama hujjar ƙin ba da amsa, domin wanda ya bugo waya yana tambayar farashi yana da haƙƙin ya san ko aljihunsa zai ɗauka kafin ya ƙona mai ya zo. Abin da ya dace shi ne a gaya masa mafi ƙaranci da mafi yawa, a tambaye shi irin motar da abin da yake damunsa a cikinta, a kuma bayyana masa cewa magana ta ƙarshe sai an gani. Idan ya iso, sai a zaga motar tare da shi tun ruwa bai taɓa ta ba, ana nuna masa da yatsa: "Yallabai, wannan tabon zai fita, wannan kuwa ya ci yadin, sai dai ya rage, wannan karcen ya kai ga ƙarfe, aikin mai fenti ne, ba namu ba." Faɗin abin da ba zai gyaru ba tun da fari yana daga cikin nasiha, ɓoye shi kuwa don a karɓi aikin algus ne, kuma a wannan zagayen ne ake ganin lotsawa da fashewar fitila waɗanda suka riga suka kasance, kada daga baya a ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Sai batun "ya yi tsada," wanda babu mai sana'ar da ba ya jinsa kullum, sau da yawa tare da ƙarin cewa na kan kwana yana yi da rabin haka. Bai kamata ma'aikaci ya fusata ba, domin tayi haƙƙin mai saye ne kamar yadda "albarka" take haƙƙin mai sayarwa. Bai kuma kamata ya shiga kushe maƙwabcinsa ba, tun da yake giba ce, kuma mai yiwuwa ne maƙwabcin gaskiya yake yi, aikin da yake sayarwa ne ya bambanta. Abin da ya fi shi ne ya warware wa mutumin abin da yake cikin kuɗin, ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan in aljihu bai kai ba a rage aiki gwargwadon yadda aka rage lada: "Hajiya, a bar gugar fenti sai wani jiƙon, yau a yi ciki kaɗai, kuɗin ya koma kaza." Wanda yake zabge rabin farashi da zarar an ɗaure masa fuska, alhali aiki yana nan yadda yake, ya shaida wa abokin cinikinsa da bakinsa cewa maganarsa ta farko ba gaskiya ba ce, kuma ɗayan biyu zai biyo baya, ko ya yi hasara, ko ya rama a ɓoye ta hanyar wanke motar da garin sabulun wankin tufafi, wanda yake kankare man da aka shafa don kare fenti.

Masu mota ma ya kamata su san cewa a cikin abin da suke biya akwai kuɗin lamuni. A mazhabar Imamu Malik, mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki, idan aka bar masa kaya aka tafi suka salwanta a hannunsa, shi ne zai biya, sai fa in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Mai wankin da ya yarda ya fesa ruwa mai ƙarfi a kan injin motar zamani, wadda take cike da wayoyi da na'urori, ya ɗauki kasadar da za ta iya cinye masa ribar wata guda idan motar ta ƙi tashi, saboda haka ba zalunci ba ne in ya ware wa wankin inji farashi na dabam, ko ma ya ƙi yi sai an rufe wuraren da ruwa yake cutarwa. Haka nan ya nemi mai mota ya kwashe kuɗi da waya da takardu kafin ya miƙa makulli, domin amana ta fi sauƙin riƙo idan an san iyakarta.

Abin da ba ni da uzurin da zan ba shi shi ne ɗabi'ar yanka farashi bisa ga babbar rigar mai mota, a dubi wanda ya sha shadda a ninka masa, a dubi baƙon da bai san gari ba a yi masa yankan ƙauna. Maganin wannan allo ne a rataye a bakin rumfa, a rubuta kowane aiki da mafarin kuɗinsa bisa ga girman mota, a kuma sauya rubutun a fili idan kaya sun tashi, tare da sanar da abokan hulɗa na kullum tun kafin ranar. Rangwame ga wanda yake kawo mota kowane mako, ko kamfanin da yake kawo goma a lokaci guda, halal ne kuma dabara ce, muddin an san dalilinsa. Idan kuwa ana tsakiyar aiki aka ɗaga shimfiɗa aka tarar ruwan damina ya kwanta a ƙasa har tsatsa ta fara, abin da ba a gani ba lokacin ciniki, to sai a dakata a kira mai motar, a gaya masa abin da aka gani da abin da zai ƙaru a kan kuɗin, in ya amince a ci gaba, in bai amince ba a mayar da shimfiɗar a gama masa abin da aka yi yarjejeniya a kansa da safe.