Ƙiba, Hawan Jini da Ciwon Sukari: Abin da Korona Ta Tona a Gidajenmu

Mu a Tishigu, kamar sauran unguwannin Tamale, idan magidanci ya ajiye tumbi ko uwargida ta cika zane, sai mu ce daula ta samu. Shekarar 2020 ta tilasta mana sake duban wannan magana.

Ranar 12 ga Maris na shekarar aka tabbatar da mutum biyu na farko masu cutar korona a Gana. Bayan kwana uku Shugaba Nana Akufo-Addo ya hana taruka, har da jam'i a masallatai, kuma kafin watan ya ƙare cutar ta ɓulla a Tamale. Da tafiya ta yi nisa, likitoci a gida da waje suka lura cewa yawancin waɗanda suka kamu sun warke, amma waɗanda ta fi kwantarwa, ko ta zama ajalinsu, su ne tsofaffi da manya masu hawan jini, ciwon sukari, ciwon zuciya ko na ƙoda, da kuma masu ƙiba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kitsen ciki yana tokare huhu daga ƙasa ya hana shi buɗewa sosai, alhali huhun ne cutar ke nema. Kitse mai yawa yana ƙara kumburi a cikin jiki, yana kuma sa jini saurin daskarewa a jijiyoyi. Sukari kuwa idan ya hau, garkuwar jiki yake raunanawa. Sau da yawa a jikin mutum ɗaya waɗannan cututtuka ke haɗuwa, shi kuwa bai sani ba.

Tun a 2014 binciken lafiyar iyali na ƙasa ya nuna cewa kashi 40 cikin 100 na matan Gana masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Mun san mafarin abin: babur ya maye gurbin keke da tafiyar ƙafa, koko sai ya sha sukari, lemon kwalba ba ya yankewa a suna da biki, ga tuwo mai nauyi bayan Isha'i.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma ƙiba da 'yan rakiyarta suna nan. Saboda haka mu auna kanmu. A ɗauki igiya daidai tsawon mutum a ninka ta biyu. Idan ba ta zagaye cikinsa a saitin cibiya ba, kitse ya yi yawa. Daga nan a nufi Asibitin Koyarwa na Tamale ko ɗakin shan magani mafi kusa, a gwada jini da sukari. Wanda aka ɗora kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Iyayenmu da suka manyanta kuma mu raka su da kanmu. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.