Korar bi-ta-da-ƙulli: Me hukuncin kotu ke nufi ga ma'aikatan Illela?

Shekara da shekaru, dokar Najeriya ta bai wa mai kamfani damar sallamar ma'aikaci ba tare da ya faɗi dalili ba, muddin ya ba shi wa'adi ko kuɗin wa'adin. Kotun Ƙoli ta jaddada hakan a 1993, a wata shari'a da ta shafi kamfanin Shell.

Lamarin ya fara sauyawa ne bayan gyaran tsarin mulki na 2010, wanda ya bai wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraren ƙararrakin ƙwadago da kuma ikon yin la'akari da ƙa'idojin aiki na duniya.

A watan Disamban 2013 kotun ta yanke hukunci a ƙarar da wata ma'aikaciyar Microsoft ta shigar a Legas. Ta gamsu cewa an kori matar ne saboda ta ƙi amincewa da neman lalata daga shugabanta, sannan ta ba da umarnin a biya ta diyyar sama da naira miliyan 39. A 2015 kuma, a shari'ar Aloysius da bankin Diamond, ta ce wajibi ne a bayar da ƙwaƙƙwaran dalilin kora, ko da yake har yanzu wasu hukunce-hukuncen manyan kotuna na bin tsohuwar ƙa'ida.

To sai dai a Illela, garin da ke kan iyaka da Birnin Ƙonni, ba kowa wannan kariya ke isa gare shi ba. Kotu da hujja take aiki: takardar ɗauka aiki, shaidar albashi, ranar da aka kai ƙorafi da ranar da aka yi korar. Kusancin ranakun nan biyu na cikin abubuwan da ke fallasa ramuwar gayya.

Galibin masu dako, yaran shago da masu zuba mai kuwa da baki aka ɗauke su, sau da yawa ta hannun ɗan'uwa ko maƙwabci, duk da cewa sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Kai maigida ƙara a irin wannan hali na iya ɓata zumunci, ga kuma kuɗin lauya da zirga-zirga zuwa Sakkwato, inda reshen kotun yake.

Malamar makarantar kuɗi ko ma'aikacin banki da ya adana takardunsa, har da saƙonnin waya, shi ne ya fi samun madogara a gaban alƙali.