Me ya sa ake farautar tsofaffin kaset-kaset na kiɗan na'ura?

Fiye da shekaru 60 bayan kamfanin Philips ya fito da kaset a shekarar 1963, har yanzu akwai masu bin kasuwanni da shagunan gwanjo suna neman tsofaffin kaset-kaset, musamman na kiɗan na'ura.

Kiɗan na'ura dai shi ne wanda ake haɗawa da kayan lantarki, inda na'urar ce ke samar da amon, a maimakon ganga ko garaya. Ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus, wadda ta fitar da Autobahn a 1974, da Jean-Michel Jarre na Faransa, mai Oxygène na 1976, suna cikin waɗanda suka yaɗa shi a duniya.

Abin da masu tarawa ke dubawa

Masu wannan sha'awa kan duba ƙasar da aka buga kaset, da shekarar, da takardar da ke cikin kwalinsa, domin bambance na asali da na jabu.

Akasarin cinikin ana yin sa ne a intanet, musamman a shafin Discogs, wanda aka buɗe a shekara ta 2000 domin adana bayanan kiɗan na'ura kafin ya faɗaɗa zuwa sauran kaɗe-kaɗe.

Sai dai ba kyawun sauti ne ke jan su ba, domin faifan CD ya fi kaset tsabtar amo. Kaset ya fi faifan garmaho arahar bugawa, don haka makaɗan da ba su da kamfani suka riƙa naɗar ayyukansu suna buga 'yan kwafi kaɗan. Da yawa daga cikin waɗannan ayyuka ba a taɓa fitar da su ta wata hanya ba.

Daga Yamai zuwa Bahir Dar

A shekarar 1978 Mamman Sani ya naɗi kiɗansa a gidan rediyon Nijar da ke Yamai, da wani fiyano mai aiki da lantarki ƙirar Italiya. Kwafi kimanin 100 aka yi.

Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da ɗaya daga ciki a wata ma'ajiyar kaɗe-kaɗe a Yamai, kuma a 2013 kamfaninsa na Sahel Sounds ya sake fitar da shi da sunan La Musique Électronique du Niger.

Haka ma Brian Shimkovitz ya sayi kaset ɗin Obaa Sima na Ata Kak a bakin titi a garin Cape Coast na Ghana a 2002. Ya shafe shekaru yana neman mawaƙin kafin a sake fitar da aikin a 2015.

Shi ne kuma ya tsinci kaset ɗin Hailu Mergia na 1985 a wani shago a Bahir Dar ta ƙasar Habasha. A lokacin Mergia yana tuƙin tasi ne a birnin Washington, kuma sake fitar da kaset ɗin a 2013 ya mayar da shi fagen wasa.

Zaren kaset na tsufa

Sautin kaset yana kwance ne a wani garin ƙarfe mai maganaɗisu da aka shafa a kan siririn zaren roba. Zafi da laima da ƙura suna lalata shi, haka nan kuma rikodar da ba a gyara ba tana iya tauna zaren.

Su kansu na'urorin saurare masu inganci sai ƙara wuya suke yi. A shekarar 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi gargaɗin cewa ƙarancin na'urori da kayan gyaransu na barazana ga abubuwan da aka naɗa a zaren maganaɗisu.

Don haka ne masana ke ba da shawarar a ajiye kaset a tsaye, a wuri mai sanyi marar laima, nesa da lasifika, a kuma kwafe shi zuwa kwamfuta tun zaren bai tsinke ba.