Daren da Aka Ce Amurka Ta Gudu

Da wuya ɗalibin aikin jarida ya gama jami'a bai ji wannan labari ba. A daren Lahadi, 30 ga Oktoba 1938, wani matashi ɗan shekara 23 mai suna Orson Welles ya gabatar da wasan kwaikwayo a gidan rediyon CBS na Amurka, inda wasu halittu daga duniyar Mars suka sauko suna ƙone mutane. Aka ce masu saurare sun ɗauka gaske ne, fiye da mutum miliyan ɗaya suka ruɗe, motoci suka cika tituna, ana ta koke-koke a coci-coci. Da wannan dare ake kafa hujjar ka'idar nan da ke cewa kafar yaɗa labarai kamar allura take: ta soka wa jama'a saƙo, ya bi jini nan take, babu mai musu.

Amma mutum miliyan ɗaya ba sa gudu a dare guda su kasa barin sawu. To ina sawun?

Mu fara da abin da aka watsa. Littafin H. G. Wells ne na 1898, Howard Koch ya mayar da shi wasan rediyo, ya ɗauke labarin daga Ingila ya kai shi Grover's Mill, wani ƙauye a jihar New Jersey. Gwanintar tana cikin salon. Ana cikin sa kiɗan rawa, sai a katse a ce ga labari da ɗumi-ɗumi, masana taurari sun hango fashewar wuta a Mars. A koma kiɗa. A sake katsewa. Can sai ga wakili tsaye a bakin rami a wata gona, yana bayyana wani abu da ke fitowa daga cikin tulun ƙarfe, mutane na ihu a bayansa, sai muryarsa ta yanke a tsakiyar magana, tashar ta yi tsit. Frank Readick, wanda ya fito a matsayin wakilin, sai da ya yi ta sauraren faifan rahoton hatsarin jirgin Hindenburg na 1937, don ya koyi yadda muryar ɗan jarida ke rawa idan yana kallon mutuwa da idonsa. An sanar a farko cewa wasa ne, amma ba a maimaita ba sai bayan kusan minti 40. Wanda ya kunna akwatinsa a tsakani yana da dalilin ruɗewa.

Zancen yana fara tangal-tangal ne idan aka tambayi mutum nawa suka kunna. A wannan daren, kamfanin C. E. Hooper mai auna yawan masu saurare ya buga wa gidaje 5,000 waya yana tambayar abin da suke ji. Kashi 2 cikin ɗari kacal suka ambaci wasan, kuma babu wanda ya ce labarai yake saurare. Ba abin mamaki ba ne. A daidai lokacin tashar NBC tana watsa shirin barkwancin Edgar Bergen da ɗan tsanansa Charlie McCarthy, wanda yake cikin shirye-shiryen da suka fi farin jini a ƙasar. Shirin Welles ko mai ɗaukar nauyi bai da shi, har wasu tashoshin da ke ƙarƙashin CBS, kamar ta Boston, suka sa nasu shirin a madadinsa.

Sai a duba ɓarnar da aka ce an yi. Ba a tabbatar da mutuwar ko mutum ɗaya ba. Asibitocin Niyok da masu bincike suka tuntuɓa ba su da rajistar wanda aka kawo saboda shirin. Hoton da ya fi yawo, na wani dattijo a Grover's Mill riƙe da bindiga yana jiran baƙin sama, bayan an gama komai aka tsayar da shi aka ɗauka.

Daga ina ke nan adadin miliyan ya fito? Daga littafin da Hadley Cantril na Jami'ar Princeton ya wallafa a 1940. Ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 6 sun ji shirin, kuma wajen miliyan 1.2 sun tsorata ko hankalinsu ya tashi. Sai dai ƙuri'ar jin ra'ayin da ya dogara da ita an yi ta ne makonni shida bayan daren, lokacin da kowa ya riga ya sha labarin a jarida, kuma mutum kan so ya ce shi ma yana nan sa'ad da abin ya faru. Sannan an zuba wanda gabansa ya faɗi yana zaune a kujera da wanda ya kwashi iyali ya gudu a ma'auni ɗaya. Mutum 135 da aka yi doguwar hira da su kuwa, akasarinsu an zaɓo su ne don an san sun firgita.

Wannan ya mayar da mu ga jaridu, kuma a nan ne biri ya fara kama da mutum. Daren Lahadi ne, ma'aikata kaɗan ne a ofis, lokacin kai jarida ɗab'i ya matso. Kamfanonin dillancin labarai suna turo gutsattsarin rahoto daga garuruwa: wata mata ta suma a can, wani iyali ya fito titi a nan. Editoci suka haɗa su suka yi kanun labari. New York Times ta buga a shafin farko cewa masu saurare sun firgita, sun ɗauki wasan yaƙi a matsayin gaskiya. Masana biyu, Jefferson Pooley da Michael Socolow, sun tuna mana a 2013 da abin da ke ƙarƙashin wannan gaggawa. Tun shekarun karyewar tattalin arziki rediyo yake janye wa jaridu kuɗin talla, kuma a rikicin Munich na watan Satumba, lokacin da Hitler ya kai Turai bakin yaƙi, rediyo ya riƙa riga su kai labari. Yanzu ga dama ta samu ta nuna cewa wannan sabon abu ba abin yarda ba ne. A ganina ba sai an yi taron ƙulla makirci ba. Ya isa a ce labarin ya yi wa editan daɗi, sai ya rasa dalilin tura wakili ya je ya ƙirga mutanen da ke kan titi. Cikin 'yan kwanaki kuma labarin ya sauka daga shafukan farko.

Kada a fahimce ni da cewa babu wanda ya tsorata. An tsorata. A. Brad Schwartz ya karanta wasiƙu kusan 2,000 da aka aika wa Welles da hukumar sadarwa ta ƙasar, ya wallafa sakamakon a 2015, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne suka zo daga waɗanda suka firgita ko suka ga masu firgita. Da yawa cikin masu tsoron ba su ma kama zancen Mars ba, sun zaci Jamusawa ne suka kawo hari, tunda wata ɗaya da ya wuce haka ake katse musu kiɗa da labarin yaƙi. Abin da akasarinsu suka yi kuma shi ne ɗaukar waya. Layukan 'yan sanda da na jaridu suka cushe, sai aka lissafa wannan cikin alamun ruɗu. Alhali wanda ya ji abu ya buga waya yana tambaya ko gaskiya ne, hankalinsa na jikinsa.

Mafi amfanin abin da ke cikin binciken Cantril shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Waɗanda suka murɗa akwati zuwa wata tasha suka ji ana ci gaba da kiɗa, ko suka duba jadawalin shirye-shirye a jarida, hankalinsu ya kwanta. Waɗanda tsoro ya fi kamawa sun haɗa da masu shigowa a tsakiyar shiri saboda wani nasu ya kira a gigice ya ce maza su kunna rediyo. Wato saƙo ba ya tafiya shi kaɗai, yana bi ta bakin wanda ka yarda da shi, kamar yadda Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa suka nuna a 1944 game da zaɓe. Mu ma mun ga haka a Najeriya a Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, da 'yan uwa suka riƙa tashin juna da asuba ta waya: ku yi wanka da ruwan gishiri, ku sha. An kwantar da mutane a asibiti, wasu sun rasu. Babu wanda zai yi wa yayarsa musu da ƙarfe huɗu na dare.

Saura tambaya ɗaya. Idan salon labari da ɗumi-ɗumi bai isa ya kori gari ba, me zai isa? Amsar tana birnin Kito na ƙasar Ekwador. Ranar 12 ga Fabrairu 1949, gidan Radio Quito ya sake yin wannan wasa, Leonardo Páez na cikin masu jagoranta. A wannan karon an ambaci unguwanni da garuruwan da masu saurare suka sani, 'yan wasa suka kwaikwayi muryoyin manyan jami'an gwamnati. Abin da ya fi muni, jaridar El Comercio, wadda take gini ɗaya da gidan rediyon, ta riga ta buga rahotannin ganin baƙin abubuwa a sararin sama kwanaki kafin shirin. Mai son tabbatarwa idan ya tuna abin da ya karanta a jarida, sai ya ga ta gaskata rediyo. Idan ya leƙa titi, sai ya ga motocin 'yan sanda da na kashe gobara suna fita bayan gari da gaske, don su ma sun yarda. Mutane suka fantsama tituna. Da aka sanar cewa wasa ne, tsoro ya koma fushi, taron ya kewaye ginin ya cinna masa wuta da ma'aikata a ciki. Aƙalla mutum shida suka mutu.