Hukuncin dukan ɗalibi, da yadda ake horon yaron da ya yi wa ɗan'uwansa ɓarna

Tambaya: Ina koyarwa a wata Islamiyya a ƙasar Kibiya. Wani yaro ɗan shekara 11 ya fasa allon abokinsa, ya kuma zage shi a gaban yara. Mahaifin mai allon ya ce in ban zane shi ba zai cire ɗansa. Ni kuwa na san yaron nan ya sha bulala ba ta gyara shi ba. In na bar duka na yi sakaci da amana?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ba ka yi sakaci ba, ɗan'uwa, matuƙar ba ka bar laifin ya wuce haka nan ba. Amanar da ke wuyanka a nan ita ce haƙƙin wanda aka zalunta ya koma gare shi, wanda ya yi zaluncin kuma ya gyaru. Ka auna bulala da wannan. Bayan an zane yaron allon yana nan a fashe, zagin ba a janye shi ba, sai ma a ƙara gaba tsakanin yaran biyu, su je su ƙarasa a hanyar gida.

Ka duba abin da Bukhari ya ruwaito. Wata daga cikin matan Annabi (SAW) ta aiko masa da abinci yana ɗakin wata, sai kishi ya ɗebi mai ɗakin ta buge hannun ɗan aiken, akushin ya faɗi ya fashe. Annabi (SAW) ya tattara gutsuren da abincin, ya ba ta uzuri a gaban mutane, sannan ya karɓi lafiyayyen akushi daga ɗakinta ya mayar wa mai abincin. Wadda ta yi ɓarna ta biya, kuma ba a wulaƙanta ta ba. Haka ranar da baƙauye ya yi fitsari a masallaci: ya hana sahabbai su far masa, ya sa aka zuba guga na ruwa a wurin, sannan ya kira shi ya bayyana masa abin da aka gina masallaci dominsa. Nana A'isha (RA) kuwa ta shaida, a ruwayar Muslim, cewa bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba.

Wani zai ce ai akwai hadisin Abu Dawud na dukan yaro kan salla idan ya kai shekara 10. Gaskiya ne, shi ya sa ba mu ce duka haramun ne ta kowace fuska ba. Amma ka lura an fara umarnin tun yana shekara 7, wato shekara 3 ana koyarwa da lallashi. Malamanmu na Malikiyya kuma sun ɗaure wannan rangwamen tamau. Muhammad ɗan Sahnun na Ƙairawan, a Tunisiya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, ya rubuta littafi kan ladubban malamai, inda ya hana malami wuce bulala 3 sai da izinin uba, ya hana dukan kai da fuska, da duka cikin fushi. Al-Ƙabisi, wanda ya rasu a 403, ya ja kunne kada malami ya damƙa wa wani ɗalibi bulala ya doki 'yan'uwansa, domin tsakanin yara ba a rasa jiƙaƙƙiya. Wannan ya kamata ya tsayar da duk wanda ke barin dorina a hannun monita ko babban almajiri ya fita harkarsa. Kuma fukaha'u sun ce idan malami ya wuce iyaka ya ji wa yaro rauni, lamunin yana kansa. Sharaɗin rangwamen ma shi ne a yi zaton dukan zai amfanar. Kai da bakinka ka ce bai amfanar ba, to dalilinsa ya faɗi.

Abin yi kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Rano. Idan dabbobi suka yi ɓarna a gonar mutum a Rurum ko Tarai, hanyar da dattawa suka sani ita ce a zauna gaban mai unguwa ko dagaci, kowa ya faɗi nasa, a ƙiyasta ɓarna, a biya, a yafi juna, domin gobe za a haɗu a kasuwa da masallacin Juma'a. Yaran nan ma gobe a tabarma ɗaya za su zauna. Suratul Hujurat, aya ta 9 da ta 10, ta haɗa sulhu da adalci, ba ta yarda a danne mai gaskiya don a zauna lafiya ba.

Ka fara kiran yaron shi kaɗai bayan hankalinka ya kwanta, ka tambaye shi abin da ya faru, ka bar shi ya gama magana. Sau da yawa a nan ake jin an daɗe ana tsokanarsa, ko yunwa ce, ko da damina daga gona ya wuto makaranta a gajiye. Sanin dalili ba ya share laifi, amma yana nuna maka inda ciwon yake. Sannan ka haɗa su, wanda aka zalunta ya faɗi abin da ya ji. Allon a biya. Yaron da bai balaga ba ba a rubuta masa zunubi, amma abin da ya lalata na mutane ana biyansa daga dukiyarsa, ƙuruciya ba ta sarayar da wannan. Ka sanar da iyayensa, zai fi kyau kuɗin ya fito daga ɗan abin da yake samu, kuma shi da hannunsa ya miƙa sabon allon. Kada ka sa tara ta shiga aljihunka ko asusun makaranta, jumhurun malamai ba su halatta horo da cin dukiya ba. Zagin kuwa tunda a gaban yara aka yi shi, a gabansu zai nemi gafara. Wanda aka zaga kada a tilasta masa cewa ya yafe nan take. Haƙƙinsa ne, a kwaɗaitar da shi kawai.

Bayan haka ka jawo yaron jikinka, ka ba shi wani aiki da zai ji an yarda da shi, kamar shimfiɗa tabarmi ko tattara alluna. Abu Mahzura yana saurayi aka ji shi yana kwaikwayon kiran salla don izgili a kan hanyar dawowa daga Hunainu. Annabi (SAW) ya kira shi, ya koya masa kiran salla da kansa, ya zama ladanin Makka. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi fasali guda a Muƙaddimarsa kan cewa tsanani yana cutar da ɗalibi, yana koya masa ƙarya da yaudara don tsoron hannu. Duk malama ko malamin da ya daɗe a aji ya san yaron da ke zama lumui a gabansa, da ya juya baya ya zama wani.

Mahaifin mai allon kuwa kada ka yi jayayya da shi, fushinsa yana da asali. Ka je ka same shi tare da limamin unguwa ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, ka gayyace shi ya halarci ranar da za a mayar wa ɗansa allo a ba shi haƙuri. Idan yaron ya maimaita, sai a kira mahaifinsa a zauna, har a iya dakatar da shi kwanaki kaɗan don kare sauran yara, da sharaɗin a ɗora masa karatun da zai kawo ranar dawowa.

Allah ne Mafi sani.